BABI NA UKU: IRE-IREN FATAR FUSKA DA KAYAN GYARA NA GARGAJIYA A ƘASAR RAWAYAU

3.0 Gabatarwa

A wannan babi an yi ƙoƙarin bayyana yadda kayan gyaran fuska na gargajiya ke aiki a kan fata daban-daban. Rawayau tana cikin ƙaramar hukumar Kurfi, maƙwabciyar Dutsin-Ma, a tsakiyar Jihar Katsina. Yanki ne da hunturu ke busar da fata daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu, sannan zafin bazara ya biyo baya da gumi da maiƙo. Manufar babin ita ce nuna cewa kasancewar abu na gargajiya bai isa ya sa ya dace da kowace fuska ba.

3.1 Rabe-raben Fata

A ƙarƙashin fata akwai wasu 'yan jakunkuna masu fitar da maiƙo. Yawan maiƙon ko ƙarancinsa shi ke raba fatar fuska gida uku: mai maiƙo, busasshiya, da gaurayayya, wato wadda goshi da hanci ke maiƙo, kumatu kuwa su bushe. Akwai kuma fata mai laulayi, wadda abu kaɗan kan sa ta ƙaiƙayi ko zafi. Ban da wannan, a shekarar 1975 likitan fata na Amurka, Thomas Fitzpatrick, ya tsara ma'auni na yadda fata ke jure rana, wanda a yau yake da aji shida. Akasarin Hausawa na aji na biyar da na shida. Irin wannan fata ba ta saurin ƙuna a rana, amma duk inda ta ji rauni takan bar baƙin tabo mai daɗewa.

3.2 Busasshiyar Fata

Man kaɗanya shi ne kan gaba a nan. Ana tafasa ƙwallon kaɗanya, a shanya, a fasa, a soya, a niƙa, sannan a yi ta kwaɓawa da ruwa har mai ya taso. Aikinsa shi ne rufe fata domin kada danshinta ya tsere, shi ya sa ya fi amfani idan an shafa shi bayan wanke fuska, tun ba ta gama bushewa ba. Zuma kuwa jawo danshi take yi. Mai irin wannan fata ba ta bukatar yawan sabulu, musamman da hunturu.

3.3 Fata Mai Maiƙo da Gaurayayya

Sabulun salo, wanda ake haɗawa da ruwan toka da mai, yana wanke maiƙo sosai. Sai dai lafiyayyar fata tana da ɗan tsami, kimanin 5 a ma'aunin pH, shi kuwa sabulu yakan kai 9 zuwa 10. Saboda haka yawan amfani da shi kan sa fuska ta ɗaure, ta yi zafi. Wanki sau biyu a yini ya wadatar. Laftawa irin wannan fuska man shanu ko wani mai kauri na iya toshe ƙofofin fata, ƙuraje su ƙaru. Mai gaurayayyar fata kuwa sai ta shafa mai a kumatu kawai, ta ƙyale goshi da hanci.

3.4 Fata Mai Laulayi

A nan ne kurakurai suka fi yawa. Ruwan lemun tsami, wanda akan haɗa da kurkur don fuska ta yi haske, tsaminsa ya kai kimanin 2 a ma'aunin pH, kuma idan rana ta bugi wurin da aka shafa shi yakan ƙone fata. Haka nan dilka, wadda asalinta daga ƙasar Sudan take, kuma ta zama ruwan dare a gyaran amare, murza ake yi da ita, kuma murzar da gaɓoɓin jiki ke jurewa ta fi ƙarfin fuska mai laulayi. Sakamakon duka biyun shi ne baƙin tabon da aka ambata a 3.1. Hanya mafi aminci ita ce a gwada kowane haɗi a damtse, a jira kwana biyu.

3.5 Haɗin da ake Kira na Gargajiya

Wata matsalar ita ce haɗin da ake sayarwa da sunan na gargajiya, alhali an zuba masa sinadaran bilicin, irin su makuri, wanda ke lalata ƙoda da jijiyoyi. Yarjejeniyar Minamata ta 2013 ta taƙaita sa makuri a kayan kwalliya, kuma a 2023 hukumar NAFDAC ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a Nijeriya. Duk haɗin da ya sauya launin fuska cikin 'yan kwanaki abin tuhuma ne.

3.6 Naɗewa

Daga bayanan da suka gabata, za a fahimci cewa gyaran fuska ya rataya ne a kan abubuwa uku: sanin irin fata, lura da yanayi, da sanin abin da ke cikin haɗi. Man da ya taimaki fuska da hunturu na iya cutar da ita da bazara. A babi na gaba za a dubi matsayin masu sana'ar gyaran amare a wannan yanki.