Jerin waƙoƙin shekara: kunnen wa aka ƙirga?

Da Disamba ta kama, shafukan nishaɗi na Hausa za su shiga fitar da "waƙoƙi goman da suka yi tashe a bana", kuma abin haushin shi ne kusan duk jerin ɗaya ne. Wannan ya sa Ado Gwanja a sama, wancan ya saukar da shi na biyu, sai Hamisu Breaker da Umar M. Shareef da Naziru Sarkin Waƙa su raba sauran gurabe. Daga nan sai a ce ai bakin Arewa ya zo ɗaya. Bai zo ɗaya ba. Masu rubutun ne ke jan ruwa a rijiya guda.

Rijiyar kuwa ita ce alƙaluman YouTube da TikTok da Audiomack, sai Spotify da bai ma shigo Najeriya ba sai 2021. Mai data kaɗai waɗannan alƙaluma suka sani. A Balan da sauran ƙauyukan Gaya da Ajingi, waƙa ta shagon mai caji take shigowa. Mai turi ya sauke ta sau ɗaya, ya zuba wa duk wanda ya kawo memori, su kuma su yi ta tura wa juna ta Xender ko Bluetooth har ta game gari. A lissafin intanet, garin nan kaf mutum ɗaya ne ya saurara. Manomin da ya wuni yana sussuka wayarsa na aljihu tana maimaita bege guda, ba ya cikin ƙidayar kowa.

Shi ya sa ake rasa manyan abubuwa. Waƙoƙin sha'irai da ke cika watan Maulidi da wuya su leƙo jerin. Kiɗan ƙwarya da kalangun bukukuwan kaka, wa zai ɗora su? Waƙoƙin Dauda Kahutu Rarara a kakar zaɓen 2023 ta lasifikar motocin kamfen suka ratsa kasuwanni, ko kana so ko ba ka so, kuma babu na'urar da ta ƙirga wannan. Mamman Shata ya rasu tun 1999, har gobe yana cikin wayoyin dattawa, amma kalmar "bana" ta riga ta kore shi.

Za a ce ai "Jarumar Mata" ta Breaker a 2020 da "Warr" ta Gwanja a 2022 sun shiga birni da ƙauye, ba wanda ya ƙaƙaba su. Gaskiya ne. Sai dai waƙar da ta kai haka ba ta bukatar jeri ya tabbatar da ita. Rigimar tana daga na uku zuwa na goma, inda son zuciyar marubuci da hayaniyar mawaƙin da ya fi iya talla ke sajewa da "ra'ayin jama'a".

Ko a Amurka, inda aka daɗe ana wannan al'ada, an san zaɓin taro ba zaɓin kowa ba ne. Ƙuri'ar Pazz & Jop ta jaridar Village Voice, wadda Robert Christgau ya fara a 1971, a lokacin da ake yin ta kowane mai sharhi faifai goma yake zaɓa ya raba musu maki 100, kuma ana iya ganin takardun masu zaɓen da sunayensu. Sai ka gane wanda ya bi ayari da wanda ya ware. Namu jerin ba a faɗin wa ya zaɓa, balle da wane ma'auni.

Illar ta fara komawa kan waƙar kanta. Mawaƙi ya gane cewa 'yan daƙiƙun da za a taka rawa da su a TikTok ne ke kai shi jeri, sai ya zuba ƙarfinsa a amshi ya bar baitoci holoƙo. Mai turi a Gaya kuma, don kada a ce shagonsa ya tsufa, abin da ya ga yana tashe a Kano shi yake fara zuba wa yara. Saurayin da zai so jin Aminu Ala sai ya karɓi abin da aka cika masa memori da shi, tunda kuɗin turin ɗaya ne. Baɗi in marubucin ya leƙo ƙauyen ya ji waƙoƙin jerinsa na tashi, zai ɗauka ya canka daidai.