Daga Bakin Tiga Zuwa Ƙasar Japan: Me Ɗalibinmu Zai Je Ya Koyo?

Duk manomin masara a ƙasar Tudun Wada ko Doguwa da ya kai shekara arba'in a duniya, da wuya a ce bai taɓa jin sunan Sasakawa ba. Amma kaɗan ne daga cikinsu suka san cewa sunan wani attajiri ne mutumin Japan, watau Ryoichi Sasakawa, wanda a shekarar 1986 ya haɗa kai da masanin aikin gona Norman Borlaug da tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter suka kafa ƙungiyar taimakon manoman Afirka. Ƙungiyar ta shigo Nijeriya a 1992, kuma Jihar Kano na cikin wuraren da ta fara aiki, inda malaman gona suka riƙa kafa gonakin gwaji don manoma su gani da idonsu yadda ake tazarar shuka da sa taki a kan kari.

Wannan ya nuna cewa Japan ta daɗe da zuwa ƙauyukanmu. Abin tambaya shi ne, mu yaushe za mu je wurinta? Ɗalibanmu sun saba da hanyar Masar da Sudan da Indiya da Malesiya, har ma a 2023 Gwamnatin Jihar Kano ta ɗauki nauyin ɗalibai 1,001 don karatun babban digiri a Indiya da Uganda. Amma ba kasafai akan ji ɗan Bebeji ko Kiru yana shirin tafiya Japan ba, alhali kuwa idan aka dubi abin da Allah Ya hore wa wannan yanki, babu waɗanda karatu a can zai fi yi wa amfani kamar su.

Ruwa Da Shinkafa

Kudancin Kano ƙasar ruwa ce. A zamanin Gwamna Audu Baƙo aka gina madatsar ruwa ta Tiga, aka gama ta a 1974, kuma daga gare ta ne ruwa ke gangarawa ta manyan magudanai zuwa filayen noman rani na Kadawa da Kura da Bunkure. A 1976 aka kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda ke kula da wannan aiki. Ga kuma tafkin Bagauda a ƙasar Bebeji, ga dajin Falgore wanda kogin Kano ke ratsawa kafin ya iso Tiga. Tudun Wada ta yi suna wajen cinikin shinkafa da turara ta, Doguwa kuwa da damina mai albarka da masara.

Duk da wannan ni'ima, manomi ya san inda ke yi masa ƙaiƙayi. Kacala takan toshe magudanai, wanda gonarsa ke kusa da bakin ruwa ya sha ya ƙoshi, na can ƙarshe ya yi ta jira. Akan shanya shanshera a gefen titi ta kwashi tsakuwa, sa'an nan a kai ta injin da zai karya ta, daga bisani a yi mamakin abin da ya sa masu kuɗi suka fi son 'yar waje.

To, waɗannan matsaloli su ne Japan ta shafe shekaru aru-aru tana fama da su. Ƙasar ba ta kai rabin Nijeriya girma ba, kuma kusan kashi biyu cikin uku nata duwatsu ne da dazuzzuka. Saboda haka gonakinta ƙanana ne kamar namu, ba irin na Amurka da ake nomewa da manyan motoci ba. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, tsakanin 1946 da 1950, gwamnati ta sayi gonaki daga hannun manyan masu ƙasa ta sayar wa masu noma su da araha. A 1949 ta kafa dokar da ta ba manoman kowane yanki ikon haɗa ƙungiya mai kula da ruwansu: su ke karɓar kuɗin ruwa, su ke yashe magudanai, su ke raba ruwa bi da bi, su kuma zaɓi shugabanninsu. Ga ƙananan injuna na huɗa da dashe da girbi waɗanda aka ƙera daidai da ƙaramar gona. A yau hekta ɗaya a Japan tana ba da shinkafa fiye da tan 5, yayin da matsakaicin abin da ake samu a Nijeriya bai wuce wajen tan 2 ba.

Wannan shi ne ilmin da ya kamata ɗan kudancin Kano ya je ya ɗebo. Hukumar Haɗin Kan Ƙasashe ta Japan, wadda aka fi sani da JICA, da aka kafa a 1974, tana da cibiya a garin Tsukuba inda ake horar da ma'aikatan gona na ƙasashe masu tasowa kan noman shinkafa. Jami'ar Tottori kuma tana da cibiyar binciken ƙasa mai ƙarancin ruwa. Bugu da ƙari, a taron Japan da ƙasashen Afirka na 2008 a birnin Yokohama aka ƙaddamar da shirin ninka shinkafar da Afirka ta kudu da Sahara ke nomawa daga tan miliyan 14 zuwa 28 cikin shekara goma, kuma Nijeriya na cikin ƙasashen shirin.

Ƙofofin Shiga

Japan na neman ɗalibai baƙi da gaske. A 1983 Firayim Minista Nakasone ya sa burin samun ɗalibai 100,000, aka cim ma burin a 2003. A 2008 aka ɗaga shi zuwa 300,000, aka kai a 2019. A 2023 kuma aka sake ɗaga shi zuwa 400,000 kafin 2033.

Ƙofa ta farko ita ce tallafin Ma'aikatar Ilmi ta Japan, wanda ake kira MEXT, da aka fara bayarwa tun 1954. Ofishin Jakadancin Japan da ke Abuja yakan ba da sanarwarsa kowace shekara. Akan tace takardu, a yi jarrabawa a rubuce, sa'an nan a yi ganawa baki da baki. Wanda ya yi nasara ba zai biya kuɗin makaranta ba, za a ba shi tikitin jirgi zuwa da dawowa, da kuɗin kashewa na wata-wata, wajen yen 117,000 ga mai digirin farko, yen 143,000 zuwa 145,000 ga mai bincike ko babban digiri. Mai neman babban digiri dole ne shekarunsa su kasa 35, kuma ya rubuta bayanin binciken da yake son yi, ya kuma samo farfesan da ya yarda zai karɓe shi. A ƙarƙashin wannan tallafi akwai kuma horo na shekara ɗaya da rabi ga malaman makaranta da suka yi shekara biyar suna koyarwa.

Ƙofa ta biyu ita ce shirin ABE, wanda Firayim Minista Shinzo Abe ya ba da sanarwarsa a 2013 da nufin kai matasan Afirka 1,000 cikin shekara biyar su yi digiri na biyu tare da sanin makamar aiki a kamfanonin Japan. Rukunin farko ya isa a 2014. Gajerun kwasa-kwasan JICA kuwa sun fi dacewa da ma'aikatan gwamnati, domin ta hannun ma'aikatu akan gabatar da sunaye.

Ƙofa ta uku ita ce musayar ɗalibai, inda ɗalibi zai yi zango ɗaya ko shekara ɗaya a wata jami'ar Japan ya dawo ya ƙarasa a tasa. Amma wannan ba ya yiwuwa sai jami'o'in biyu sun ƙulla yarjejeniya a rubuce. A nan nauyi yana wuyan shugabannin jami'o'inmu, domin ɗalibi ba zai iya buɗe wannan ƙofa da kansa ba.

Akwai wata ƙofa ta huɗu wadda ba ƙofa ba ce, rami ne. A watan Agusta na 2025, lokacin taron Yokohama, JICA ta ayyana garin Kisarazu a matsayin garin zumunci da Nijeriya. Nan da nan wata sanarwa ta fito daga Abuja tana cewa za a ƙirƙiro biza ta musamman ga matasa masu son zama da aiki a can. Gwamnatin Japan ta musanta, aka gyara sanarwar, kuma a ranar 25 ga Satumba JICA ta soke shirin ɗungurungum saboda ƙorafin da ya tayar a cikin ƙasar. Darasin da ke ciki shi ne, ɗalibi kada ya gina shirinsa a kan jita-jita. Neman tallafin MEXT kyauta ne. Duk wanda ya ce a sayar da sa ko a jinginar da gona a ba shi kuɗi zai samo gurbi, to, a tuna cewa ƙwai a baka ya fi kaza a akurki.

Zama Cikin Japanawa

Wanda ya samu shiga, sai ya ɗaura ɗamara. Babbar matsala ta farko ita ce harshe. Japananci yana da baƙaƙe iri uku: hiragana 46, katakana 46, sai kanji waɗanda aka aro daga Sin, da gwamnati ta ware 2,136 don amfanin yau da kullum. Akan ba mai bincike wata shida na koyon harshe, mai digirin farko kuma shekara ɗaya. Ko da yake akwai kwasa-kwasan da ake koyarwa da Turanci, tsohon manomin da ɗalibi zai je gonarsa koyon aiki ba ya jin Turanci, kuma a wurinsa ne ilmin yake.

Ta biyu ita ce abinci da ibada. Naman alade ya yi yawa a girkinsu, kuma akan zuba giyar shinkafa a miya da romo, don haka sai Musulmi ya koyi karanta abin da aka rubuta a jikin kwali, ya kuma koyi dafa wa kansa. Amma ba a rasa masallatai ba. Na birnin Kobe tun 1935 yake tsaye, na Tokyo kuma an gina shi a 1938 aka sake shi a 2000, kuma jami'o'i da dama sun tanadi abincin halal da ɗakin salla.

Ta uku ita ce ɗabi'ar mutanen. Idan aka ce ƙarfe tara, to, a zo saura minti biyar. Ba a ɗaga murya a jirgin ƙasa, ba a shiga gida da takalmi, kuma kowace irin shara da ranar fitar da ita. Bahaushe ba zai sha wuya da gaisuwarsu ta rusunawa ko girmama na gaba ba, domin da su ya tashi. Abin da zai fi damunsa shi ne kaɗaici, don maƙwabci ba zai leƙo ya tambayi kwanan iyali ba, kuma agogon Japan yana gaban namu da awa takwas. Ga sanyin hunturu da dusar ƙanƙara a arewacin ƙasar, ga girgizar ƙasa. Doka ta yarda ɗalibi ya yi aikin wucin gadi na awa 28 a mako in ya karɓi izini, kuma inshorar lafiya ta ƙasa tana biyan kashi 70 cikin ɗari na kuɗin asibiti.

Kada wannan ya karya wa kowa gwiwa. Oussouby Sacko, Musulmi ɗan ƙasar Mali, ya shiga Japan a 1991, ya yi digirin digirgir a Jami'ar Kyoto, har ya shugabanci Jami'ar Kyoto Seika daga 2018 zuwa 2022. Su ma Japanawa sun zo sun koya a wurinmu. Shuji Matsushita ya shafe shekaru yana nazarin Hausa da Gwandara, Shuichi Oyama na Jami'ar Kyoto kuma ya zauna da manoma Hausawa a yankin Dogonduci ta Nijar yana nazarin yadda suke farfaɗo da faƙo da sharar gida.

Haka kuma, ba duk abin da ɗalibi ya gani zai kwaso ba. Matsakaicin shekarun manomin Japan ya kusa 70, ƙauyuka suna zama kufai, kuma a 2025 farashin shinkafa ya ninka har sai da gwamnati ta buɗe rumbunanta. Mu kuwa matasa muke da su birjik. Aikin mai ilmi shi ne ya tace, ya ɗauki abin da zai tsiro a ƙasar Kiru, ya bar wanda ba zai tsiro ba.

Dawowa Gida

Japan kanta ta hanyar tura ɗalibai ta tashi. A 1871, shekara uku bayan juyin mulkin zamanin Sarki Meiji, ta aika babbar tawaga zuwa Amurka da Turai tare da ɗalibai, ciki har da 'yan mata biyar. Ƙaramarsu, Tsuda Umeko, shekararta shida. Ta dawo ta kafa makarantar mata a 1900, kuma tun 2024 hotonta ne a kan takardar yen 5,000. Sirrin abin shi ne sun dawo, kuma da suka dawo an ba su aikin da suka koyo.

Don haka akwai aiki a gaban kowa. Shugabannin makarantun sakandare da sakatarorin ilmi na Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa su riƙa bibiyar sanarwar ofishin jakadanci suna liƙa ta a allo. Ɗalibai su ƙarfafa lissafi da kimiyya da Turanci, su kuma zaɓi bincikensu daga matsalar da suka gani a gonar mahaifinsu, domin farfesan Japan ya fi sauraron wanda ya san abin da yake nema. Manyan sakatarori su tura malamin gonar da ke shiga taɓo, ba wanda ya fi kusa da ofis ba, kuma in ya dawo kada a kai shi sashen da zai manta abin da ya koya.

Masu iya magana sun ce tafiya mabuɗin ilmi. Amma ranar da ruwan Tiga ya isa gonar ƙarshe a kan lokaci, shinkafar Tudun Wada kuma ta shiga kasuwa babu tsakuwa, ranar ce za a tabbatar tafiyar ta yi riba. Allah Ya ba 'ya'yanmu ilmi mai amfani, Ya kuma dawo mana da su lafiya.