Maƙoƙon da ke gangarawa ƙirji ya danne jijiyar jini

A Tambuwal da Kebbe, kamar sauran karkarar Arewa, da ido aka saba auna maƙoƙo. Idan ya yi girma a damu, idan ƙarami ne a rufe shi da mayafi a ci gaba da harka. Sai dai wani maƙoƙon ba a wuya yake tsayawa ba.

Maƙoƙo kumburi ne na ƙullutun da ke gaban maƙogwaro, wanda likitoci ke kira tayirod, kuma ya fi kama mata. Yayin da ya shekara yana girma, wani ɓangarensa kan sulale ƙasa ya shige bayan ƙashin ƙirji. Wurin ƙunci ne, ƙashi ya kewaye shi, kuma ta nan bututun numfashi da hanyar abinci suka ratsa, haka ma manyan jijiyoyin da ke mayar da jinin kai da hannuwa zuwa zuciya. Waɗannan jijiyoyi fatarsu ba kauri, don haka ba sa jure matsi.

Da zarar an danne su, jini sai ya taru a sama. Fuska ta kumbura, musamman da safe, jijiyoyin wuya da na ƙirji su fito ruɗu-ruɗu, kai ya yi nauyi in an sunkuya. Wasu ba sa iya kwanciya rigingine saboda sarƙewar numfashi. Sau da yawa a gida akan ɗauka ciwon ƙoda ne ko asma, ko a kira wanzami ya yi tsaga, abin da ba ya taɓa tushen ciwon.

Akwai gwajin da likitan Ingila Hugh Pemberton ya bayyana a 1946, wanda ba ya buƙatar na'ura: majinyaci ya ɗaga hannuwansa biyu sama har su taɓa kunnuwa na kimanin minti ɗaya. Idan fuskar ta cika, numfashi ya yi wuya, alama ce ƙofar ƙirjin ta matse. Ma'aikacin lafiya a ƙauye ma zai iya yin sa.

Tabbatarwa kuwa sai da hoton ƙirji da gwajin jini, domin cutar daji a huhu ta fi maƙoƙo yawan haddasa irin wannan toshewar. Daga Tambuwal, hakan na nufin tafiyar kusan kilomita 100 zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. Mutanen Kebbe nasu ya fi nisa.

Tun 1993 Najeriya ta wajabta sanya sinadarin aidin a gishiri, kuma hakan na hana sabon maƙoƙo fitowa. Amma gishiri ba ya narkar da wanda ya riga ya tsufa a ƙirji. Wannan sai tiyata, kuma galibi ta wuya ake ciro shi ba tare da an tsaga ƙirji ba. Wanda aka cire wa ƙullutun gaba ɗaya zai riƙa shan ƙwayar da ke maye gurbin aikinsa kullum, tsawon rayuwa.