Bututu Biyu a Jejin Mombasa

Da safiyar 28 ga Nuwamba 2002, jirgin kamfanin Arkia ƙirar Boeing 757 ya tashi daga filin jirgin sama na Moi da ke Mombasa, ɗauke da mutum fiye da 260, ya nufi Tel Aviv. Bai gama ɗagawa ba matuƙin ya ji ɗan girgiza, sai ga farin hayaƙi layi biyu ya wuce ta gefensa. Jirgin ya isa lafiya. A safiyar nan kuma wata mota maƙare da bam ta afka wa otal ɗin Paradise a Kikambala, ta hallaka mutum 13, goma daga cikinsu 'yan Kenya.

To, wa ya harbi jirgin, kuma da me?

'Yan sanda sun tsinci bututu biyu a yashe ba nisa da filin. Na Strela-2 ne, makami mai linzami ƙirar Tarayyar Sobiyet, wanda mutum guda ke saɓawa a kafaɗa. Idonsa zafi yake gani, shi ya sa yake bin bakin injin jirgi. An ƙera shi ne don soja ya kare kansa daga jiragen yaƙi masu shawagi ƙasa-ƙasa, amma ga shi an auna fasinjoji da shi, abin da ke tayar da tsikar jiki.

Sanin sunansa bai warware komai ba, domin irinsa sun bazu a duniya. Lambar da ke jikin ƙarfen ce ta tona asiri. A watan Mayun shekarar an tsinci wani bututun kusa da sansanin sojin sama na Yarima Sultan a Saudiyya, inda wani ɗan Alƙa'ida ya nemi kakkaɓo jirgin Amurka. Da aka gwada lambobin, sai ga su kusa da juna: kaya ɗaya ne aka rarraba.

Saura hanyar da makaman suka bi. A 2003 kwamitin ƙwararru na Majalisar Ɗinkin Duniya mai bin diddigin takunkumin makamai a kan Somaliya ya gano cewa daga Yaman aka shigar da su Somaliya, sannan aka tsallaka da su Kenya ta teku.

Saleh Ali Saleh Nabhan, ɗan Mombasa da aka zarga da kitsa harin, ya tsere Somaliya. A can sojojin Amurka suka kashe shi kusa da Barawe a Satumbar 2009.