Hutun da Ke Ƙarewa a Katsina: 'Yan Wurma na Ƙetare da Ruwan Zobe

Makarantun Ingila da Amurka suna rufewa don hutun ƙarshen shekara a watannin Yuli da Agusta, daidai lokacin da damina ta kankama a ƙasar Katsina. A nan ne magidancin da ke zaune can yake samun sararin kwaso iyali a zo gida. Jirgi ya sauke su a filin Malam Aminu Kano, mota ta ɗauke su zuwa birnin Katsina. Ga 'yan asalin Wurma da ƙauyukan da ke tsakanin Kurfi da Dutsin-Ma, sau da yawa tafiyar a nan take tsayawa. Sai a aika ƙauye, tsohuwa da baffanni su shigo birni a gaisa a gidan wani ɗan'uwa ko a masauki, a ci abinci, a yi hotuna, kowa ya koma inda ya fito. Mai zuwa gida ya zama shi ake zuwa gaisarwa.

Yaran da suka tashi a can sun san wani irin hutu dabam. Abokan karatunsu suna tafiya ɗan gidan katako a bakin tafki, a kwana biyu ana kamun kifi ana tuƙa kwalekwale. A ƙasar Finlan kaɗai irin waɗannan gidaje sun kai kusan rabin miliyan. Abin takaicin shi ne iyayen yaran nan ma suna da nasu ruwan, kuma ba ƙarami ba.

Madatsar Zobe ke nan, a kudu da garin Dutsin-Ma, a kan kogin Karaɗuwa. Bayanan Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima, wadda ke kula da ita, sun nuna an kammala ginin a 1983, zamanin Shugaba Shehu Shagari. Tsayin bangon mita 19 ne, tsawonsa mita 2,750, kuma an tsara ta riƙe ruwa kusan kubik mita miliyan 179, ta shayar da kadada 8,000 ta noman rani. Duk wanda ya taɓa tsayawa a kan bangon nan da marka ya san faɗin ruwan, ya ga masunta da komayensu, ya ga tarwaɗa da karfasa jibge a bakin gaɓa. Amma tarihin Zobe tarihin jira ne. Ruwa ya taru, hanyoyin ban-ruwa ba su kammalu ba. Aikin kai ruwan sha birnin Katsina da aka faro a 1992 sai a watan Yulin 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya zo ya buɗe kashin farko, mai tace lita miliyan 50 a rana. Yaron da aka haifa shekarar da aka gama bangon ya kusa arba'in kafin a kunna famfon. Inda ruwan sha ya ɗauki wannan tsawon lokaci, wa zai yi maganar masaukin baƙi a bakin ruwa?

Ko da an gina, da wuya a samu mai kwana. Jaridar Daily Trust da 'yar'uwarta Aminiya sun bi diddigin abin da ya sami wannan yanki shekara da shekaru. A ƙarshen Agustan 2019 'yan bindiga suka afka wa Wurma da dare, suka kwashe mutane, akasari mata, suka kora dabbobi. Mutanen gari sun ce waɗanda aka tafi da su sun kusa 50, 'yan sanda suka ba da adadin da bai kai haka ba. A lura da watan: Agusta, lokacin da shuka ta rufe gonaki ta ba ɓarawo mafaka, kuma lokacin da na ƙetare ke gida. Bayan haka ne Gwamna Aminu Bello Masari ya shiga zagayen sulhu a watan Satumba, sulhun da bai daɗe ba ya wargaje. A Oktoban 2023 aka sace ɗalibai mata biyar na Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma daga gidan da suke haya a cikin gari. Uban da ke Landan ko Jidda yana karanta wannan a wayarsa, sannan ya dubi 'yarsa mai shekara sha biyar. Ba na ganin laifinsa in ya ce a tsaya a Katsina. Shi ma ya sani, a idon masu kai rahoto daji, baƙon da ya sauka da akwatuna da yara masu Turanci kuɗi ne yake tafiya da ƙafa.

A ganina abin da ya fi yi wa na nesa ciwo shi ne na Satumban 2021, lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, har da Kurfi da Dutsin-Ma, aka kuma hana cinikin dabbobi a kasuwanni da dama. Sai a Disamba aka maido da layin. Wata uku ɗan da ke Kumasi ko Makka ba ya jin muryar mahaifiyarsa sai in wani ya yi tattaki zuwa inda waya ke kamawa. Kuɗin da ya saba turowa na taki da na asibiti, sai an bi ta hannun wani a birni. Kuma tun kafin nan kuɗin ya sauya aiki: wanda a da ake tarawa a yi wa tsoho ɗakin siminti a ƙauye, yanzu haya ake kama wa iyaye da shi a Dutsin-Ma ko Katsina, in an yi rashin sa'a kuma a haɗa kuɗin fansa.

Bahaushe ba baƙon nisa ba ne. Kakannin mutanen zangon Kumasi da Sabon Zango na Accra sun bi hanyar goro zuwa Gwanja, wasu ba su sake ganin gida ba, jikokinsu sunan garin kawai suka gada. Amma su nisa da wahalar hanya ne suka raba su da gida. Na yau yana da jirgi, yana da kuɗin mota, ya zo har kilomita sittin da ƙofar gidan ubansa, ya juya. An ce zumunta a ƙafa take. Yaron da bai taɓa kwana a ɗakin kakarsa ba, bai bi baffansa gona ba, Hausar da zai tashi da ita ta gaisuwa ce kawai.

A ƙarshen Agustan 2025 jaridu suka ruwaito an yi zaman sulhu a dajin Wurma tsakanin shugabannin Kurfi, ƙarƙashin Maraɗin Katsina, da jagororin 'yan bindiga, aka yi alkawarin barin manoma su koma gona. Na ƙetare sun bi labarin a WhatsApp, sun kuma tuna da na 2019. Yawancinsu sai sun ga an yi damina ɗaya ko biyu an kai amfani rumbu lafiya kafin su sa yara a mota su nufi Zobe.