Waziri Rekmire da kabarinsa a yammacin Luksor

Rekmire ya riƙe sarautar waziri a ƙarshen mulkin Fir'auna Tutmos na Uku, wanda ya mulki Masar daga wajen shekara ta 1479 zuwa 1425 kafin Miladiyya, ya kuma ci gaba da riƙonta a farkon zamanin magajinsa Amenhotep na Biyu. Sarautar ba baƙuwa ba ce a gidansu, domin kakansa da baffansa Useramen sun riƙe ta kafin shi, kuma rabonsa shi ne kudancin ƙasar, inda haraji da shari'a da filaye da rumbunan gwamnati duk suke ƙarƙashin hannunsa.

Kabarinsa, wanda masana suka ba lamba TT100, an sassaƙe shi a jikin dutsen Shaihu Abdul Kurna, a yammacin Kogin Nilu daura da Luksor, kuma darajarsa tana ga bangonsa. A nan aka rubuta ayyukan waziri dalla-dalla, tare da huɗubar da sarki yake yi masa ranar naɗi, inda ake gargaɗinsa cewa sarautar ɗaci gare ta, kuma dole ya daidaita wanda ya sani da wanda bai sani ba. Abin lura shi ne har an zargi wani waziri na dā mai suna Keti, wanda ya riƙa danne danginsa don gudun a ce yana son kai, aka nuna cewa wannan ma zalunci ne.

Zanen da ke bangon ya fi rubutun jan ido. Mutanen Nuba suna jaye da raƙumin dawa, biri yana hawan wuyansa, mutanen Sham sun kawo dawaki da ɗan giwa, na ƙasar Punt sun zo da itatuwan turare, na tsibirin Kirit kuma suna ɗauke da tuluna masu ado. Can cikin dogon zauren kabarin, wanda rufinsa ke ƙara tsawo har ya kai wajen mita 8, ana ganin dukawa suna yankan fata, magina suna buga tubali, maƙera suna taka zugazugi da ƙafa don narkar da tagullar ƙofar haikalin abin bautarsu Amun.

Ba a tarar da ramin binnewa a kabarin ba, ba a kuma gano gawarsa ba, sannan an kankare siffarsa da gangan a wurare da dama, abin da ya sa wasu masana ke ganin ya rasa yardar fada a ƙarshen rayuwarsa.