3.2 Kare Bayanai Daga Salwanta Yayin Ƙaurar da Shafi

A wannan sashe za a duba yadda cibiyar babbar manhajar kwamfuta, wato kanel, ke sauya wa bayanai mazauni. Kanel kan kasa ƙwaƙwalwar kwamfuta zuwa shafuka, galibi kowane shafi na ɗaukar bayit 4096. Manhajar Linux, wadda Linus Torvalds ya ƙirƙiro a 1991, ta sami tsarin ƙaurar da shafi a 2006, domin kusanto da bayanai ga masarrafin da ke aiki da su.

Haɗarin shi ne a yi sabon rubutu a tsohon shafi ana tsakiyar kwafewa. Misali, idan manomi a Shanono ya juye gero zuwa sabon rumbu, yara kuma suka ci gaba da zubawa a tsohon, to ranar da aka rushe shi an yi asarar abin da suka zuba.

Saboda haka kanel kan kulle shafin, ya jira rubutun da ake yi zuwa faifai ya kammala. Sannan ya sa alamar dakatarwa a gurbin adireshin shafin, ta yadda duk mai nemansa sai ya jira. Idan har wani na riƙe da shafin, sai a fasa ƙaurar. In kuwa babu, sai a kwafe bayanan haɗe da alamar da ke nuna ba a adana su a faifai ba tukuna, a maida adireshi kan sabon shafi. Bayan nan ne kawai ake sakin tsohon.